Haƙoran Tambari

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, kuma in na kalli saniya abin da idona yake fara aunawa shi ne cinyarta. Ban taɓa ɓoye wa kowa wannan ba. Amma akwai shanun da ko ni ban iya yi musu irin wannan kallo ba, su ne shanun gidan Maigandi na Ƙofar Atiku, waɗanda Baba Illo ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa a gindinsu. Sunana Badaru. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, kuma tun zamanin kakana mu ne muke yanka duk abin da suka fitar daga garke.

Baba Illo ɗan siririn tsoho ne, gajere, mai saurin tafiya da saurin fushi. Ko ɗaurin aure ya je sai ka ga guntun harawa a hularsa. Mutanen unguwa suna tsokanarsa cewa ya san kakar kakar kowace saniya amma yana rikita sunayen jikokinsa, kuma wallahi ba ƙarya suka yi masa ba. Na sha ganin ya kira 'yar Saudatu, wato jikarsa ta wajen 'yarsa, da sunan ƙanwarta, yarinyar ta tura baki, shi ko a jikinsa. Amma ka kuskura ka ce Kyalla ce ta haifi Madara alhali Zuma ce, ranar za ka sha wa'azi har la'asar.

Kakansa Maigandi ne ya kafa garken, tun Turawa suna gari. Da karsana ɗaya ya fara, farar gudali mai guntun ƙaho da sakakkun kunnuwa, fatar wuyanta tana reto har kusan gwiwa. Don wannan fatar ya sa mata suna Alkyabba. Ya samu fili a bayan gari, ta wajen Gidan Dahala, lokacin wurin duk daji ne da burtali, ya kafa turaku. Daga Alkyabba duk shanun gidan suka fito. Ɗan Maigandi, Ɗanjuma, uban Baba Illo, shi ya ga ganiyar abin. A hannunsa garken ya haura ɗari biyu, in za su gangara gulbi shan ruwa sai masu keke su tsaya su jira. Daga ƙauyuka masu nisa ake zuwa roƙon a sayar da karsana ɗaya, Ɗanjuma ya ba mutum fura ya sallame shi hannu wofi.

Maigandi bai bar wa 'ya'yansa shanu kawai ba, ya bar musu ƙa'ida, kuma ita ce kan labarin nan. Ta farko, ba a shigo da bijimin waje. Ta biyu, bijimi ɗaya tak ake bari a garke. Kowace shekara bayan an gama girbi akwai ranar da suke kira ranar guduma. A ranar mai gida zai buɗe bakin babban bijimi ya duba haƙoransa. In haƙoran sun fara cinyewa, to ya tsufa, sai a zaɓi ɗan sa ɗaya mafi kyau a bar shi ya gaje shi. In kuwa haƙoran suna nan garau, duk ɗan san da ya shekara a garken sai a kayar da shi a dandaƙe shi, ba zai ƙara barbara ba har abada, a yi kiwonsa don nama. Da wata guduma ta itacen ƙirya ake yin aikin, wadda Maigandi ya sassaƙa da hannunsa, ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi don shan gumi. Mutanen gidanmu kuma su ne masu riƙe igiya. Kakana ya riƙe wa Maigandi, babana ya riƙe wa Ɗanjuma, ni na riƙe wa Baba Illo.

Ƙa'idar tana da hankali, ban ce ba ta da shi ba. Bijimi biyu a garke faɗa ne kullum, kuma in ka bar kowane ɗan sa yana hawan shanu, shekara goma ta isa irin ya lalace. Da ita gudalin gidan Maigandi suka zama abin da suka zama. Sai dai Maigandi ya tsara ta ne a kan garken da kowace damina ake haifar maruƙa maza talatin. In ka dandaƙe na bana, na baɗi suna tafe.

Baba Illo ya karɓi garken ne yana gangarowa. Fari ya ci wasu tun yana saurayi. Ciwon bushiya, annobar shanu, ya zo ya kwashe kusan rabi, ya ce mini a mako ɗaya suka binne shanu goma sha tara, babansa bai ƙara dariya ba har ya koma ga Allah. Aka yi rabon gado, 'yan'uwa suka ja nasu zuwa kasuwa tun kafin a yi sadakar arba'in. Sannan gari ya taso. Burtalin da shanu suke bi zuwa gulbi aka yanka shi filoti, yau ka ga an zuba yashi, gobe ka ga katanga. Filin Maigandi ya yi ta tsukewa har ya koma ɗan kangon da bai fi tsakar gida ba, benaye sun kewaye shi, masu benayen kuma suna ƙorafin wari da ƙuda. Ɗan Baba Illo namiji tilo, Ja'afar, ya ce shi ba zai mutu yana kwasar kashin shanu ba, ya tafi Abuja sayar da waya. Ban ga laifinsa ba, ko da yake ban taɓa faɗin haka a gaban tsohon ba.

Da wurin ya gagara, sai Baba Illo ya ba wani makiyayi amintacce yawancin shanun ya tafi da su daji ta gabas, inda akwai ciyawa. Shekara huɗu ana lafiya. A ta biyar ɓarayin daji suka faɗa wa rugar, suka kashe makiyayin, suka kora duk abin da ke tafiya da ƙafa huɗu. Shanu arba'in da uku na Baba Illo suna ciki. Da labarin ya iso bai yi kuka ba. Ya zauna a bakin turke ya dinga kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunan uwarta, har ya kai ƙarshe, sannan ya tashi ya ba sauran ruwa.

Sauran su ne babban bijimi Tambari, da tsofaffin shanu uku da suka daina haihuwa, da Madara wadda take kan ƙarfinta, da ɗan san da Madara ta haifa. Shi ke nan abin da ya rage daga Alkyabba a duniya.

Ɗan san nan, in na ce yana da kyau ban faɗi komai ba. Fari ne tas, tozonsa ya fara tasowa daidai, ƙirjinsa mai faɗi. Saudatu, wadda ta dawo gidan ubanta bayan rasuwar mijinta kuma ita ce mai tatsar nono, takan ajiye masa ruwan tsari a ƙwarya ta daban. Kowa a unguwa ya ɗauka shi ne magajin Tambari. Ni ma haka na ɗauka, shi ya sa da aka aiko mini cewa gobe ranar guduma ce na yi dariya, na ce ai tsohon yana so ne kawai ya raya al'ada, a buɗe baki a rufe a sha fura.

Da hantsi muka hallara a kangon. Baba Illo ya dafa wuyan Tambari, ya yi masa magana a kunne, ya sa yatsu ya ɗaga leɓensa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Badaru, zo ka gani."

Na duba. Haƙora takwas reras, farare, ba wanda ya cinye. Na ɗago na kalli ɗan san.

"Lahiya lau suke," in ji shi. "Kawo igiya."

Saudatu ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. "Baba, mi za ka yi? Wanga ɗan sa shi kaɗai yar rage muna hwa."

"Tambari na nan."

"In wani abu yas samu Tambari hwa?"

"Mi za ya same shi? Ke kin hi Maigandi sanin shanu?"

Na sa baki, na ce, "Baba Illo, don Allah ka ɗaga ƙahwa bana kaɗai. Lokacin Maigandi garke na da ɗari, yanzu shida na. Ka bar shi ko shekara guda, in Madara ta sake haihuwar namiji sai ka yi abin da kaka so."

Ya juyo ya kalle ni sama da ƙasa. "Kai ɗan mahauta, yaushe kaz zan malamin kiwo? An ƙwace min daji, an ƙwace min burtali, an ƙwace min shanu. Abu guda yar rage wanda ba a ƙwace ba, shi na abin da ubana yak koya min. Shi kuma kuka so in yar da hannuna? Riƙe igiya, aikinku na tun kakanka."

Na riƙe. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Ƙarfina ya fi nasa sau uku, da na ce ba zan riƙe ba, da ba yadda zai yi ya kayar da ɗan san shi kaɗai. Amma na taso na ga babana yana riƙewa ba ya tambaya, kuma tsoho ne ya ba ni umarni a gaban 'yarsa. Na zarga igiyar, na fizge ƙafafun, ɗan san ya faɗi. Saudatu ta juya baya ta toshe kunne. Bugu huɗu ne, kuma har yanzu ina jin ƙararsu in na tuna.

Ba a yi shekara ba Tambari ya fara canzawa. Tun da burtali ya toshe, shanun Baba Illo a cikin gari suke kiwo. Da safe ya sake su, su bi gefen titi da bakin kwata da juji, duk inda aka zubar da ɓawon kankana ko ragowar tuwo. Harawa ta yi tsada, dusa ta yi tsada, ba yadda zai ciyar da su a turke. Abincin juji kuwa a ƙulle yake zuwa cikin leda, sa kuma ba ya kwance ƙulli. Tambari ya dinga ramewa ta baya, haƙarƙarinsa suka fito, amma cikinsa yana nan tulu guda. Baba Illo yana kallon cikin yana cewa ai ƙoshi ne. Ya ba shi kanwa, ya ba shi jiƙon saiwa, ya sake buɗe bakinsa ya nuna mini haƙoran kamar su ne za su yi masa shaida. Da Saudatu ta matsa aka kira likitan dabbobi, ya danna cikin da hannu, ya girgiza kai, ya ce an makara.

A cikin waɗannan kwanakin ne na ga abin da na ɓoye. Ina dawowa daga Kara, kasuwar dabbobi, da yamma, sai na hangi shanun Baba Illo a wani fili kusa da inda fatake suke sauke dabbobi. Tambari yana kwance can gefe, ko kansa ba ya iya ɗagawa sosai. Wani jan bijimi mai dogayen ƙaho, irin na rahaji, ya tsinke daga cikin na fatake, yana bin Madara. Kafin in tsallaka titi ya hau ta. Na jefe shi da dutse, na kore shi, amma na san aikin gama ya gama. Na tsaya a wurin ina zagin bijimin, ina zagin masu shi, ina zagin kaina. Da na dawo gida na tarar da tsohon yana jiƙa wa Tambari dusa, sai na wuce ban faɗa masa ba.

Ranar da Tambari ya kasa tashi gaba ɗaya, Baba Illo da kansa ya zo ƙofar gidana. "Ɗauko wuƙarka," ya ce, "kar shi mutu mushe." Shi ya riƙe kan, ya juya shi gabas, ni na yanka. Da na farke tumbin, wuƙata ta ƙi shiga. Abin da ke ciki ya dunƙule ya yi tauri kamar buhun siminti da ruwa ya taɓa. Leda ce baƙa da fara, da ta ruwan sanyi, da igiyar buhu, da ƙusoshi, har da rabin silifas na yaro. Sai da mu biyu muka ɗaga shi. Shekara talatin ina fawa, na saba ganin leda a cikin dabba, amma ban taɓa ganin irin wannan ba.

Baba Illo ya tsuguna ya taɓa dunƙulen. Can ya ce, a hankali, "Maigandi bai ce a duba ciki ba." Ina da amsa a bakina, mai zafi, cewa Maigandi ya mutu bai taɓa ganin leda ba. Na haɗiye ta, don fuskarsa ta riga ta faɗa masa. A can gefe kuma ga ɗan san da muka dandaƙe, ya yi ƙiba ya yi sheƙi, yana tuƙa hankalinsa kwance. Ba a yi wata guda ba tsohon ya ce in zo in tafi da shi, ba ya iya kallonsa.

Na kawo masa shawarar a nemo bijimin gudali mai kyau, tunda Sakkwato ba a rasa su ba. Ya ce bijimin waje bai taɓa shiga garken ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Sai ga shi Madara ta nuna ciki. Ranar da ya tabbatar, tsohon nan har rawa ya taka a tsakar kango. Ya ƙirga watanni da yatsu ya ce na Tambari ne, Allah ya bar masa iri kafin ya tafi. Daga ranar Madara ba ta ƙara fita ba. Ya sayar da babbar rigarsa ta zuwa Idi ya saya mata harawa. Tsofaffin shanun uku suka bi Tambari ɗaya bayan ɗaya, duk da ciwo iri ɗaya, amma bai karaya ba, idonsa yana kan Madara. Kullum da safe zan jiyo shi ta katangar kangon in na biya, yana shafa bayanta yana jero mata asali: Madara ɗiyar Zuma, Zuma ɗiyar Kyalla, Kyalla ɗiyar Goshi, haka har sunaye goma sha ɗaya, ya dire a kan Alkyabba. Sannan ya ce, "Namiji za ki ba ni, kin ji ko?"

Wata tara na yi ina ɗauke da abin da na gani. Wani lokaci in ce wa kaina wataƙila Tambari ya riga jan bijimin, ai Allah mai iko ne. Wani lokaci in ga tsohon yana murna in ji kamar in kama shi in girgiza. Sau biyu na je da niyyar faɗa masa, sau biyu na dawo da zancen farashin dusa. Tsoro ne ba tausayi ba, yanzu na sani.

Ta haihu wata Talata da hantsi, farkon damina. Saudatu ce ta aiko a kira ni. Na tarar Madara tana lasar ɗan maraƙi, shi kuma yana ta ƙoƙarin miƙewa a kan dogayen ƙafafu. Namiji ne, lafiyayye. Baba Illo yana tsugune da tsumma yana goge shi, yana gogewa da ƙarfi, don ya ɗauka jini ne da ruwan haihuwa suka rina gashin. Ya goge wuya, ya goge baya, ya sake jiƙa tsumman ya goge. Jan bai fita ba. Ya kama kunnen ya duba, ɗan ƙarami a tsaye, ba irin na gudali ba. Ya shafa wuyan, babu fatar da ke reto.

Ya ajiye tsumman. "Wanga ba namu na ba," ya ce.

A nan na faɗa masa komai, filin da jan bijimin da dutsen da na jefa. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sanda. Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Da ka hwaɗi, mi za ya sake?" Ya tashi ya tafi gida, ranar ko masallaci sai da aka je aka taso shi.

Madara ba ta ga ƙarshen damina ba. Tun kafin a tsare ta a turke ta riga ta ci rabonta na juji, haihuwar kuma ta ƙarasa ta. Ni na yanka ta, kuma ban bar shi ya ga abin da na fitar ba. Jan maraƙin Saudatu ta raine shi da kunu da ruwan tsari. Ya taso da ƙarfi da wayo, ga shi da son mutane, kuma duk gidan ba wanda yake bi sai Baba Illo. In tsohon ya zauna sai ya zo ya sa kai a cinyarsa. Tsohon yakan ba shi abinci, yakan cire masa kaska, amma bai taɓa sa masa suna ba, bai kuma taɓa jero masa asali ba.

Saudatu ta fara ƙulla wani buri. Ta ce mini ko ba komai rabin jininsa na Alkyabba ne, in ya girma a samo masa farar karsana, wataƙila jikokinsa su dawo fari. Na ce mata haka ne, har na fara cigiyar karsana a Kara ba da sanin tsohon ba.

Bana bayan girbi, jan san ya haura shekara, aka aiko mini cewa gobe ranar guduma ce.

Na je da shirin faɗa. Na ce, "Baba Illo, babu bijimin da za a buɗe ma baki. Wanga shi na na ƙarshe, ja ko hwari. In ka taɓa shi, garken Maigandi ya ƙare yau."

"Ya ƙare tun ranar da nik kira ka ka riƙe min igiya," ya ce. "Ni nik kashe shi, na sani. Amma ba ni bari a ga jan sa mai ƙaho na yawo cikin gari a ce ga irin Maigandi. Su tahi da kamarsu yadda mutane sunka san su."

Saudatu tana kuka tana cewa, "Baba, ka tausaya muna." Na ce ba zan riƙe ba, na juya zan fita. Sai na ji motsi, na waiwaya, na ga ya ɗauki igiyar da kansa, yana ƙoƙarin zarga ta a ƙafar san da ya fi shi nauyi sau biyar. San kuwa ya ɗauka wasa ne, yana lasar masa gwiwar hannu. Ko dai ya taka tsohon ya karya shi, ko aikin ya fita rabi da rabi dabbar ta wahala. Na dawo na karɓi igiyar.

Da aka gama ya zauna a ƙasa yana haki, gudumar tana kan cinyarsa. Ya juya ta, ya shafa ƙotar da babban yatsa inda hannun kakansa da na ubansa suka lotsa ta. Sannan ya miƙa wa Saudatu.

"Sa ta murhu," ya ce. "Ƙirya ta, tana da wuta."

Ta tsaya tana kallonsa. Ya sake miƙa mata, ta karɓa. Da ita aka dafa tuwon gidan a ranar, kuma kamar yadda aka saba yi wa mai riƙe igiya tun zamanin kakana, aka aiko mini da nawa a kwano. Na buɗe, na rufe, na tura shi gefe.